Zoɓon da Ya Daina Ja: Nazarin Lamarin Wata Mai Sana'a a Kano

Matar da sana'arta

Matar da wannan nazari ya shafa ɗiyar yayar mahaifiyata ce, da Yaya na taso ina kiranta. Tana zaune a ɗaya daga cikin unguwannin bayan ganuwar Kano, kuma ta haura shekara goma tana sayar da zoɓo daga cikin gida. Yaranta biyu ke kai kuloli shaguna huɗu da bakin wata makarantar Islamiyya. Da wannan sana'a take ɗinka wa yara kayan makaranta, da ita take zubin adashe. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a sakandare. Ta wannan ƙofa na shiga maganar lalacewar zoɓonta, sai dai na shiga a makare.

Har zuwa ƙarshen Janairun 2024 haɗinta bai taɓa canzawa ba. Ruwa lita 40, busasshen soɓorodo kilo 1.2, citta, kanumfari, ɓawon abarba, sukari kilo 4. A tafasa minti 20 a babbar tukunyar alminiyam irin ta ƙira, a tace, a bari ya huce, a ɗura a robobi wajen 110. Zoɓon kan fito ja wur, in ka ɗaga roba ga rana kana hango haske ta cikinta. A kula mai ƙanƙara yana kwana biyu zuwa uku lafiya lau.

Soɓorodo shi ne kofin nan mai tsoka da ke rungume da kwanson irin yakuwa bayan furen ya faɗi. Ana noma shi sosai a Jigawa da Kano da Katsina, kuma abin shan da muke yi da shi ba namu ba ne mu kaɗai: karkade ne a Sudan da Masar, bisab a Senegal, sobolo a Gana. Abu biyu ne suka sa ake sonsa, tsami da ja, kuma ba sinadari ɗaya ke kawo su ba. Tsamin daga wasu asid ne na tsirrai, irin su sitirik da malik da wani da aka raɗa wa sunan shukar kanta. Jan kuwa daga wani rini ne mai suna antosayanin. Duk wadda ta taɓa miya da farin zoɓo ta san wannan ba tare da an koya mata ba: ga tsami kamar ya tsinke harshe, amma babu ja ko ɗigo.

Fabrairu 2024: sukari ya yi tsada

A farkon shekarar kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, sukari na gaba-gaba. Yaya ba ta so ta ƙara kuɗin roba, domin yawancin masu sayen zoɓonta 'yan makaranta ne da leburori. Sai ta rage sukari daga kilo 4 zuwa 2.5. Ba a yi kwana uku ba masu shaguna suka fara aiko yara da saƙo: zoɓon ya yi tsami, yana kashe haƙori.

Maganin tsami a kicin ɗin Bahaushiya ba ɓoyayye ba ne. Kanwa ake jefa wa miyar yakuwa, ita ake jefa wa tumatir in ya fiye tsami. Yaya ta jiƙa ɗan gutsure ta zuba bayan ta tace. Zoɓon ya yi kumfa ya kwanta, tsami ya ragu, launin kuma ya ƙara duhu nan take. Duhun ya yi mata daɗi, don a ido sai ka ce zoɓon ya ƙara kauri. Ganin haka ta rage soɓorodo zuwa kilo 1. Gutsuren farko, bisa kwatancen da ta yi mini daga baya, bai wuce gram 50 ba. Gari bai gama ɗaukar zafi ba, kaya na ƙarewa a yini, ƙorafi ya tsaya.

11 zuwa 24 ga Maris: matsala ta fito fili

Azumi ya kama ranar Litinin 11 ga Maris. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, wutar lantarki ba ta zama, ƙanƙara ta yi tsada. Kasuwa ta buɗe, Yaya ta koma tukunya biyu a rana. Akwai kuma wani canji da ita kanta ba ta lissafa shi ba: da azumi a bakinta ta daina ɗanɗanawa. Da can harshe ne ma'auninta. Yanzu da ido take jefa kanwa, kuma tsoron a sake ce mata ya yi tsami ya sa hannunta ke ƙara nauyi kullum.

Alamomi uku suka bayyana kusan tare. Lokacin ɗuri da hantsi zoɓon shunayya ne mai duhu, amma kafin la'asar ya koma wani launi dishi-dishi tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa. Robobin da suka kwana sukan kumbura, wasu su yi yauƙi da wari. Ɗanɗanon kuma ya zama salam, da ɗan bauri a ƙarshen harshe kamar an taɓa shi da sabulu. Daga 18 zuwa 24 ga wata an dawo mata da robobi 140 cikin kusan 1,500 da ta fitar. Shago ɗaya ya ce a dakata da kawowa.

Abubuwan da aka gwada kafin 30 ga Maris

Zargin farko ya faɗa kan soɓorodon. Ta ɗauka tsoho aka sayar mata, don haka ta aika Dawanau aka sayo mata sabo, mai duhu, mai ƙamshi. Tukunyar farko da aka yi da shi ta lalace daidai yadda ta jiya ta lalace.

Sai ruwa. Burtsatsen unguwar ba ya kumfa da sabulu sosai, yana kuma barin fari-fari a gindin buta, alamar akwai narkakken farin dutse a cikinsa. Wannan zargi yana da tushe, domin irin wannan ruwa yana cinye kaɗan daga cikin asid. Kwana uku tana dafawa da ruwan leda. Riba ta tafi a kuɗin ruwa, launi bai dawo ba.

Na uku, ta ƙara wuta. Tunaninta shi ne ƙwayoyin cuta ne ba sa mutuwa, don haka ta kai tafasa awa guda. Zoɓon ya ƙara komawa ruwan ƙasa, gawayi ya ninka, robobi ba su daina kumbura ba.

Na huɗu ya zo daga wani mai sayar da kayan haɗin lemo a kasuwa. Ya ba ta jar kala ta abinci da wani farin gari na hana lalacewa, wanda da na karanta jikin ledarsa daga baya na ga sodiyam benzowet ne. Kalar ta rufe dishi-dishin, amma jan da ta bayar irin na alawar yara ne, yana kama leɓe, kuma masu saye sun gane. Garin hana lalacewar ta fara da cokalin shayi ɗaya a tukunya. Da ta ga bai yi aiki ba ta kai shi uku. Robobi suka ci gaba da kumbura, aka kuma sami sabon ƙorafi, wai zoɓon na ƙaiƙayi a maƙogwaro.

A tsakanin nan wata maƙwabciya ta ce mata baki ne, ta nemi taimako. Yaya ta ƙara addu'a da sadaka, abin da dama take yi a watan, amma hankalinta bai bar kan tukunya ba. Sau biyu ta kira ni a waya ta lissafa mini duk abin da take zubawa. Ban ji wani abin zargi a lissafin ba, na ce ta ƙara tsabtace robobi. Shawarar ba ta yi laifi ba, amma ba ta taɓa ciwon ba.

Asabar 30 ga Maris: awo

Ranar na je gidan da ƙaramin sikeli da na'urar awon pH ta aljihu, na zauna a tsakar gida tun daga wankin soɓorodo har zuwa ɗuri.

Ma'aunin pH, wanda Sorensen ɗan ƙasar Danmak ya fito da shi a 1909, yana nuna yawan furoton da ke yawo a cikin ruwa. Furoton ƙwayar haidirojin ce da ta rabu da elektaron ɗinta. A bayanin da Bronsted da Lowry suka bayar a 1923, kowa a nasa ɓangaren, asid shi ne sinadarin da ke ba da furoton, kishiyarsa kuma shi ne mai karɓa. Wannan kishiya, in tana narkewa a ruwa, ita ake kira alkali, kalmar da ta samo asali daga sunan tokar tsirrai a Larabci, wato dai ruwan tokar da iyayenmu ke tsiyayarwa. Tsarkakken ruwa yana kan 7. Ƙasa da haka asid ne, sama da haka alkali. Abin lura shi ne kowane mataki guda ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba.

Ruwan burtsatse ya nuna 7.6. Zoɓon da aka tace ya nuna 2.8, ja wur kamar na da. Na fara tunanin ko yau za a dace, sai na ga Yaya ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin benci.

"Yaya, wannan fa?"

"Kanwa ce mana, Malam. Ai ita ba ta cikin lissafi."

Na auna ɗan'uwan dunƙulen da ta jiƙa, gram 155. Ruwan kanwar ya nuna 10.2. Na roƙe ta ta ɗebar mini lita biyu kafin ta zuba. Da ta zuba a sauran, kumfa ta taso har bakin bokiti, na'ura ta tsaya a kan 5.1. Daga 2.8 zuwa 5.1 mataki 2.3 ne, ma'ana furoton ya ragu kusan ninki 200.

Kumfar ma tana da bayani. Kanwa, ko ungurnu ce ko jar kanwa, akasarinta gishirin sodiyam kabonet ne da baikabonet, gauraye da ƙasa da wasu gishirai. In suka karɓi furoton sai su koma ruwa da iskar kabon dayoksaid. Wadda ba ta gama fita ba kafin a rufe roba tana cikin abin da ke kumbura ta.

Yammacin ranar: kofuna shida

Daga lita biyun nan na jera kofunan gilashi shida a kan farin tire, na riƙa ɗiga ruwan kanwa ina awo. Na farko a 2.8, ja wur. Na biyu a 3.4, ja ne amma ya ɗan sassauta. Na uku a 4.2 ya karkata zuwa shunayya. Na huɗu a 5.1 shi ne zoɓon Yaya na makonnin nan. Na biyar a 7 ya zama shuɗi mai baƙi-baƙi, na shida da ya haura 9 ya yi kore. Yaran gidan suka kewaye tiren. Bayan awa biyu na uku da na huɗu sun koɗe, na shida ya koma ruwan ƙasa mai rawaya-rawaya, na farko kuwa yana nan yadda yake.

Sai na sake haɗa irin kofi na huɗu sabo, na matse lemon tsami a ciki. Ja ya dawo kafin in ajiye cokali. Na yi haka da robar da aka dawo da ita jiya. Ta ɗan yi ja-ja, amma ruwan ƙasar bai tafi ba.

Abin da muka gani a tiren tsohon sani ne. Tun 1664 a Ingila Robert Boyle ya rubuta cewa ruwan wani fure mai launin shuɗi yana komawa ja da asid, kore da alkali, ya kuma yi amfani da shi wajen bambance su. Richard Willstatter na Jamus, wanda ya sami kyautar Nobel a 1915 kan rinin tsirrai, yana cikin waɗanda suka gano ginin antosayanin. Dalilin canjin launin yana cikin wannan gini.

Ƙwayoyin kabon a cikin sinadarin tsiro sukan riƙe juna da ɗauri guda ko ɗauri biyu. In aka jera su karɓa-karɓa, guda, biyu, guda, biyu, to elektaron ɗin ɗauri na biyu ba sa zama wuri ɗaya. Sukan bazu a tsawon sarƙar gaba ɗaya. Mai garaya ya san tsirkiya mai tsawo muryarta ta fi sauka ƙasa. Haka sarƙar nan take: gwargwadon tsawonta, gwargwadon tsawon zangon hasken da take shanyewa. Sinadarin butadayin mai ɗauri biyu-biyu guda 2 kacal yana shan haske a nanomita 217 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), inda ido ba ya gani, don haka ba shi da launi. Karotin na cikin karas da manja yana da 11 a jere, yana shan shuɗin haske a wajen nanomita 450, mu kuma mu ga ruwan goro. Shunin marinar Ƙofar Mata ma irin wannan sarƙa ce ta ba shi launinsa.

Antosayanin zobba uku ne a haɗe. A cikin asid zoben tsakiya yana ɗauke da caji, sarƙar kuma ta ratsa dukkan zobban ba tsinkewa. Tana shan koren haske a wajen nanomita 520, abin da ya rage ya iso idonmu shi ne ja. In alkali ya kwashe furoton, abu biyu ke faruwa, ɗaya da sauri ɗaya a hankali. Na saurin shi ne rinin ya saki nasa furoton, elektaron su sake zama, launi ya koma shunayya ko shuɗi. Wannan ne duhun da ya burge Yaya a Fabrairu. Na hankalin shi ne ruwa ya kama wata ƙwayar kabon a zoben tsakiya, sarƙar ta tsinke gida biyu, kowane guntu ya gaza shan hasken da ido ke gani. Wannan ne koɗewar la'asar. Har zuwa nan ana iya komawa baya, shi ya sa lemon tsami ya yi aiki a sabon kofi. Amma in aka ƙara lokaci da zafi zoben yakan buɗe, daga nan ya farfashe, guntayen su haɗu su ba da ruwan ƙasa. Wannan ba ya gyaruwa, kuma tafasar awa guda turo shi ta yi.

Gwaji na ƙarshe na tukunya ne. Na bar zoɓo mai kanwa a alminiyam, wani a gilashi. Na tukunyar ya fi yin toka-toka. Rinin soɓorodo yana da hannuwa biyu a gefen zobe ɗaya da ke iya cafke ƙwayar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe, kuma sun fi cafkewa in furoton ya bar wurin. A zoɓon da ba kanwa ban ga bambanci da ido ba.

Saura garin hana lalacewa. Benzowet ba ya aiki sai ya karɓi furoton ya koma asid ɗin benzoyik, domin a wannan siffa ce kawai yake iya ratsa fatar yis da funfuna. Rabi da rabi yake a pH 4.2. A 3.2 kusan kashi 91 cikin 100 yana siffar da ke aiki. A 5.1 kashi 11 ne kawai. Yaya na zuba magani da hannun dama, kanwa na kwance shi da hagu. Ga kuma wata iyaka da masu sarrafa abincin gwangwani ke kiyayewa, wato pH 4.6: ƙasa da ita bakteriyar da ke haifar da gubar botulinum ba ta yaɗuwa, yawancin masu ruɓar da abinci ma suna shan wuya. Zoɓonta ya tsallake wannan iyaka a watan da zafin Kano ke dosar digiri 40.

31 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu: gyara

Cire kanwa kawai bai isa ba, domin ƙorafin da ya kawo ta yana nan. Bayan tarawihi muke zama mu ɗanɗana, ni da ita da mijinta da wani mai shago da ya yarda ya riƙa faɗin gaskiya.

Gwajin farko, soɓorodo kilo 1.2, sukari 2.5, ba kanwa. Ja ya dawo, kowa ya yamutse fuska.

Na biyu, kanwa da awo, gram 40 cif. Ranar farko pH 3.3, ɗanɗano ya yi. Washegari da wani dunƙulen mai nauyi ɗaya muka sami 3.9. Kanwa ba kayan masana'anta ba ce, ƙarfin wannan dunƙule ba shi ne na wancan ba. Tunda Yaya ba ta da na'ura, muka ajiye wannan hanya.

Na uku shi ya tsaya. Soɓorodo gram 900 a lita 40, a jiƙa tun dare, a tafasa minti 10, a sa abarba biyu da tsokarsu maimakon ɓawo kawai, sukari kilo 3. Awo ya nuna 3.0. Abin da ya sa wannan ya yi aiki shi ne harshe da na'ura ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Asid ɗin soɓorodo masu rauni ne, ba sa sakin furoton ɗinsu duka, akasarinsa yana ajiye. Na'ura na ƙirga furoton ɗin da aka saki, harshe kuwa ya fi jin jimillar asid ɗin. In ka rage soɓorodo da kwata, jimillar ta ragu da kwata, tsami ya sauka, amma pH ɗan motsi kaɗan yake yi. Launin bai kai na da kauri ba, sai dai ja ne garau, ya kuma fi na kilo 1 mai kanwa nesa ba kusa ba.

Aka daina kala. Tukunya kuma na matsa a canza ta zuwa ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ba don launi kaɗai ba: abu mai tsami yana cin alminiyam, tukwanen ƙira kuma daga tarkacen ƙarafa ake narka su, ba ka san me ya shiga ciki ba. Da kuɗin adashenta ta saya.

Benzowet mun sake gwada shi da awo, gram 6 a lita 40, daidai da miligram 150 a lita. A kula mai ƙanƙara wanda aka sa wa ya kai kwana biyar, wanda ba a sa wa ba kwana uku. Duk da haka na ba ta shawarar ta bar shi. Kayanta ba sa wuce kwana biyu, kuma benzowet in ya haɗu da bitamin C a cikin zafi da hasken rana yana iya haifar da ɗan benzin, abin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu a wasu lemukan kwalba a 2006. Akwai bitamin C a abarba, robobinta kuma a rana suke yini.

Daga Sallah zuwa ƙarshen Mayu

Zoɓon Sallah, ranar Laraba 10 ga Afrilu, da sabon haɗi aka yi shi. Daga nan zuwa ƙarshen wata abin da ake dawowa da shi bai kai robobi 10 a mako ba. Shagon da ya dakatar ya dawo a farkon Mayu. Ta ɗan ƙara kuɗin roba, ba ta rasa masu saye ba.

Sau ɗaya a ƙarshen Afrilu kula guda ta kumbura gaba ɗaya, ranar da ba a sami ƙanƙara ba. Launin yana nan ja, ɗanɗanon ne ya yi gas-gas. Wannan aikin yis ne, wanda tsami ba ya hana shi cin sukari. Asid ya rufe wata ƙofa, bai maye gurbin sanyi da tsabta ba.

Hukunci

Tushen matsalar kanwa ce, kuma ta shiga ne da kyakkyawar niyya, don kada a ɗora wa talaka tsadar sukari. Zafi da rashin wuta ba su haifar da ciwon ba, tona shi suka yi. Ruwan burtsatse da tukunya sun ba da gudummawa kaɗan. Abin da ya mai da ƙaramin kuskure asara shi ne rasa ma'auni: azumi ya ɗauke harshe, kanwa ta tashi daga gram 50 zuwa 155 ba wanda ya sani.

A cikin gwaje-gwajen da suka gaza, wanda ya fi damuna shi ne kala. Sauran kuɗi suka ci. Ita kuwa ido ta rufe. Zoɓo yana ɗauke da na'urar awonsa a jikinsa, kuma tun ranar farko yake faɗin abin da ke damunsa. Jar kalar kasuwa ita ma sarƙar karɓa-karɓa ce ta ba ta launi, amma nata ginin bai damu da furoton ba a wannan tsakani, ja take a 3, ja take a 6. Da ta karɓu a wurin masu saye, da Yaya ta ci gaba da sayar wa masu buɗa-baki abin sha mai sukari a pH 5, a cikin zafin Afrilu, ba tare da wata alama ba.

Ina kuma ɗora wa kaina wani kaso. Sau biyu aka lissafa mini kayan haɗi na gamsu da lissafin, alhali wanda ya san kicin ɗinmu ya kamata ya tambayi kanwa da sunanta, don mata ba sa ƙirga ta, kamar yadda ba sa ƙirga gishiri. Kwana tara na asara sun wuce tsakanin kiran farko da zuwana.

Ban ce kanwa abar gudu ba ce. Alkalin da ya ɓata zoɓo shi ne ke sa wake ya nuna da wuri, shi ke riƙe yauƙin kuɓewa. Tana nan a kicin ɗin Yaya, sai dai ba a ƙarƙashin bencin zoɓo ba. Abin da ya maye gurbin na'urata farin faranti ne. Kafin ɗuri takan zuba cokali ɗaya a kai ta fita da shi haske. A tsakiyar Mayu ta je suna, babbar 'yarta ta dafa, ta kuma jefa gutsuren kanwa kamar yadda ta ga ana yi da azumi. Yaya ta dawo ta ga shunayya a faranti, ta hana ɗuri, ta aika aka sayo lemon tsami wajen 20 aka matse a bokitin. Zoɓon bai yi awa guda da saukewa ba, don haka ja ya dawo, aka ɗura, yara suka ɗauki kuloli kafin azahar.